Filin baje koli na gwamnati: a sayar ko a bar wa jama'a?

Dan_Gangare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata gardama ce ta kaure tsakanina da abokina jiya da daddare a teburin mai shayi, har shayin ya huce ba mu gama ba, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan. Idan gwamnatin jiha tana da filin baje koli, ƙaton fili a cikin gari wanda ba ya cika sai sati biyu a shekara, sauran watannin kuwa sai ciyawa da awaki da masu koyon mota, ya dace ta sayar da shi ta yi wani aikin da kuɗin? Abokina ya ce a sayar, fili a kwance asara ne. Ni raina bai kwanta da haka ba, amma da ya ce in kawo hujja sai na kama in-ina. Kada wani ya je ya ce Ɗan Gangare ya ce za a sayar da wani fili a Jos, ban faɗa ba. So nake mu tattauna tun kafin ranar ta zo, don a ƙasar nan sai ka wayi gari ka ga an kewaye wuri da kwano sannan labari ya iso ka.

Akanta_Bukuru:
Wa alaikumus salam. Ni ina bayan abokinka, kuma ba na jin nauyin faɗa. Shekara sati 52 ce. Ka cika fili sati 2, ka bar shi sati 50 kana biyan mai gadi, kana gyaran katanga duk bayan damina, kana sarar ciyawa. Wane ɗan kasuwa ne zai yi wa shagonsa haka? Ga yara a firamare suna zaune a ƙasa, ga asibitocin ƙauye ko auduga babu. Gwamnati ba ta iya kasuwanci ba. A yi gwanjo a bainar jama'a, wanda ya fi taya shi da tsada ya ɗauka, ya gina abin da zai riƙa kawo haraji duk wata.

Direban_Keke:
Kuɗin zai isa firamaren? Akanta, kai ma ka san amsar 😂

Baba_Tela_Dilimi:
Ɗan Gangare ɗana, hujjar da ka rasa tana nan Terminus, kullum kana wuce ta. Mu mun ga babbar kasuwar Jos da idonmu lokacin tana kasuwa. Mutum zai taso daga Bauci, daga Gombe, har daga Kamaru, don kawai ya shiga ya ga ginin. Ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Yau sama da shekara 20 ba a sake gina ta ba, wannan abin kunya ne, ban musa ba. Amma filin yana nan, na jama'a ne. Duk gwamnan da ya zo da niyya zai tarar da wurin da zai ɗora tubali. Da a ce a shekarar gobarar wani mai wayo ya ce "ai kango ne, a yanka a sayar", yau da wa za ka yi maganar sake gina kasuwa? Da mutum ɗari uku, kowa da takardarsa da lauyansa.

Akanta_Bukuru:
Baba, da girmanka, amma misalin nan naka ni yake taimaka. Shekara 20 da ɗoriya wuri mafi daraja a garin nan yana kwance, masu tebur suna kan titin Ahmadu Bello ana kora su yau, su dawo gobe. Gwamna Dariye ya wuce, Jang ya wuce, Lalong ya wuce. Da ɗan kasuwa ne mai wurin, shekara uku ba za ta yi ba sai ya tashe shi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni kam ku bar tuna mini Terminus, shagona na ciki. Dilolin atamfa da leshi da na saro ko kwana goma ba su yi ba, toka na tarar. Allah Ya mayar da alheri. Amma Akanta, ka ce ɗan kasuwa zai tashe shi cikin shekara uku, na yarda. Tambayata ita ce wa zai iya kama shago a ciki? Irin filazojin nan da ake ginawa yanzu, kuɗin shekara biyu ake nema a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya. Yarinyar da ke haɗa turaren wuta da humra a ɗakin uwarta ba za ta taɓa shiga ba. Amma a baje koli sai su haɗu su huɗu su kama rumfa ɗaya, sati biyu su sayar, su raba lambar waya, daga nan su sami masu saye na shekara. Ni kaina a irin wannan rumfar na farfaɗo bayan gobara.

Yar_Unguwar_Rogo:
Gaskiya ne Hajiya. Yayata a baje kolin filin Polo ta fara sayar da dambun nama da yajin daddawa, yanzu har Abuja take aikawa.

Barista_Rikkos:
Kafin a yi nisa, a raba filin Polo da wannan maganar. A can ake gudanar da baje kolin Jos da ƙungiyar 'yan kasuwa ta PLACCIMA ke shiryawa, amma mai tambaya bai ambaci wani fili ba, mu ma kada mu laƙa wa wani wuri.

Sai maganar doka, don kalmar "sayarwa" tana ruɗa mutane. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya, sashenta na 1 cewa ya yi ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, domin amfanin 'yan Najeriya gaba ɗaya. Amana fa, ba gado ba. Abin da mai saye yake samu haƙƙin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99, da takardar mallaka mai sa hannun gwamna. Sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙin idan buƙatar jama'a ta taso, sai a biya diyyar gini da abin da mutum ya kashe a wurin.

To ku dubi inda gizo ke saƙar. Gwamna na yau ya ba da fili a kan kuɗi kaɗan. Mai saye ya zuba bene hawa uku. Gwamna na gobe ya ce ai filin jama'a ne, ya soke. Daga aljihun wa diyyar benen za ta fito? Daga baitulmalin da aka ce za a cika da kuɗin filin. An sayar da akuya ta dawo tana cin danga ke nan.

Bakano_a_Jos:
Barista kamar kana Kano. Abin da ka zana shi ya faru da filin Idi na Ƙofar Mata. Zamanin Ganduje aka ba da wani sashe na filin aka gina shaguna, mutane suka zuba dukiyarsu. Abba ya hau a ƙarshen Mayun 2023, ko sati ba a rufa ba rusau ya fara, har da gine-ginen otal ɗin Daula. Masu shagunan filin Idi suka je babbar kotun tarayya, ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Yanzu ku faɗa mini wanda ya ci riba. Ɗan kasuwa ya rasa shago, gwamnati ta biya diyya, talaka ya sha ƙura. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, mutanen Filato ku shafa wa gemunku ruwa.

Jar_Hula_Bauchi_Road:
Ka faɗi gaskiya amma ka rage. Wanda ya yanka filin sallar Idi shi ne mai laifi, ba wanda ya ƙwato wa jama'a ba.

Dan_Katako:
Ƙwatowa da buldoza da tsakar dare? Mutane da takardunsu na gwamnati? Ku dai 'yan jar hula ba ku taɓa laifi.

Jar_Hula_Bauchi_Road:
Takardar da aka samu ta bayan gida ai ba takarda ba ce.

Shugaban_Zaure:
Jama'a don Allah. Kwankwasiyya da Gandujiyya suna da zaurukansu, nan Jos ne. An kawo Kano a matsayin misali, an ji, a koma kan tambayar Ɗan Gangare. Wanda ya sake zan goge.

Ladi_Kabong:
Sannunku da hira. Akwai abin da ban ji kowa ya taɓo ba, kuma mu mutanen Jos bai kamata mu manta da shi ba. Tun rikicin 2001, da na 2008, da na 2010, garin nan ya rabu unguwa-unguwa. Akwai yaran da aka haifa a Kabong ba su taɓa taka Unguwar Rogo ba, akwai na Unguwar Rogo da ba su san hanyar Tudun Wada ba. Ina muke haɗuwa? Terminus, kasuwar Farin Gada, filin ƙwallo in Plateau United na wasa, sai irin wannan fili na baje koli. A can za ka ga mai kilishi kusa da mai sayar da acca, yara suna hawa lilo ɗaya ba wanda ya tambayi sunan wani. Filin da ba na coci ba, ba na masallaci ba, ba na wata ƙabila ba, a Jos ba ƙaramin abu ba ne. Akanta, wannan a wane layi na lissafinka yake shiga?

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya. Ranar da aka ce an sayar da babban fili a garin nan, ba wanda zai fara tambayar nawa aka biya. Tambayar farko ita ce ɗan ina ne ya saya, wane addini yake yi. Kun ga abin da ya faru a 2022 da gwamnatin Lalong ta kawo maganar haɗin gwiwa da bankin Jaiz don sake gina Terminus. Maimakon a zauna a duba yarjejeniyar da wa'adin shekara 40 da ke cikinta, sai aka koma gardamar addini, aiki bai tashi ba. Wannan fa ba sayarwa ba ce ma. Ina ga an ce an sayar ɗungurungum?

Hajiya_Mai_Atamfa:
Allah Ya yi miki albarka 'yar'uwa. Kin faɗi abin da ke raina.

Akanta_Bukuru:
Madam Ladi, na karɓi wannan, ba ya cikin lissafina kuma ya kamata ya shiga. Amma kada mu mai da kowace kadara ta gwamnati abin da ba a taɓawa. An sayar da kamfanin siminti na Gboko zamanin Obasanjo, mutanen Binuwai suka yi ta ƙorafi a lokacin, amma Dangote ya tashe shi yana aiki. A 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula a idon duniya, kowane kamfani dala miliyan 285, ga shi da wayar muke wannan gardamar. Wa ke kewar layin NITEL? Cefanarwa ba zunubi ba ce in an yi ta a fili.

Injiniya_Laranto:
Akanta ka zaɓo masu daɗin ne. Me ya sa ka tsallake kamfanin mulmula ƙarfe na nan Jos? Shi ma an sayar a wancan zamanin, tare da na Katsina da na Oshogbo. Je ka ka duba ko ya dawo yadda yake lokacin da iyayenmu ke aiki a ciki. Ban da haka ma, masana'anta daban, lasisi daban, fili daban. Lasisi takarda ce, gwamnati na iya buga wani gobe. Masana'anta in ta mutu ana iya gina wata a Heipang. Amma buɗaɗɗen fili a tsakiyar gari ba a ƙera shi. Jos duwatsu ne da kududdufan kuza suka kewaye ta, shimfiɗaɗɗen wuri mai faɗi ba shi da yawa. In ya tafi ya tafi.

Kuma fili da kuke gani "a kwance" yana aiki ko ba kowa a ciki. Ruwan sama yana nutsewa a nan maimakon ya kwarara cikin unguwa. Mutanen Rikkos da Gangare ba sa bukatar a tuna musu ambaliyar 2012. Duk inda ka shafe da kankare, ruwan da yake sha sai ya nemi gidan wani.

Dillalin_Filaye:
Ku bari mai sana'ar ya yi magana 😄 Wallahi in aka ce za a sayar ni riba zan ci, amma zan faɗa muku yadda abin yake tafiya. Wannan gwanjon a bainar jama'a da Akanta ke mafarki, ni dai a shekaruna na dillanci ban taɓa cin karo da shi a kan fili mai maiƙo ba. Kafin sanarwa ta fito a jarida an riga an raba a takarda. Hekta ɗaya in ka cire hanyoyi za ta ba ka fuloti goma sha wani abu na ƙafa 50 da 100. Sunayen da za ka gani a jerin: direban wane, ƙanin matar wane, wani kamfani da aka yi wa rajista wata biyu da suka wuce. Su biya kuɗin gwamnati, wanda bai taka kara ya karya ba, sati na zagayowa su kira irinmu mu nemo mai saye a kan ninki biyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni la'adata kawai nake ɗauka, kada a harare ni.

Direban_Keke:
Dillali ya tona asirin gidansu 😂😂

Tsohon_Maaikaci:
Ku yara kuna magana ne da cikinku a ƙoshe. Na yi wa gwamnati aiki shekara 35, na ajiye, na bi garatutina har takalmina ya cinye, ofis ɗin da ke riƙe da fayil ɗina kullum "Baba ka dawo wata mai zuwa". Abokan aikina nawa suka rasu ba su karɓa ba. In sayar da fili zai sa a biya tsofaffi haƙƙinsu, a sayar yau. Ciyawar filin ba za ta saya mini maganin hawan jini ba.

Barista_Rikkos:
Baba, Allah Ya ba da lafiya, Ya kuma fitar muku da haƙƙinku. Ba wanda zai ji wannan bai ji zafi ba. Sai dai ka duba: garatuti da fansho bashi ne da ke sabuntuwa, kowace shekara wasu na yin ritaya. Fili kuwa sau ɗaya ake sayar da shi. Bana an sayar an biya rukuni ɗaya, baɗi me za a sayar? Gidan namun daji na Jos da Gwamna Gomwalk ya kafa a 1972? Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. In ba a biya ku daga can ba, ba rashin sayar da fili ne ya hana ba.

Mai_Canji_Terminus:
Ƙari a kan maganar Barista. Farkon 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da fili a 2022 ya ajiye naira, yau kuɗin ba zai sayo masa rabin filin ba. Wanda ya riƙe filinsa yana barci darajarsa tana hawa. Mu da muke juya kuɗi kullum mun san naira ƙanƙara ce a hannu.

Mai_Kayan_Mota:
Ni Legas nake sari, kuma wurin da muke zuwa sunansa ma Trade Fair, a kan hanyar Badagry. An gina shi a 1977 musamman don baje kolin ƙasa da ƙasa. Na gwamnatin tarayya ne, ba na jiha ba, amma darasin ɗaya ne. Ba a ma sayar ba, jinginar da shi aka yi ga wani kamfani a 2007, aka yi ta rigima da 'yan kasuwar ciki, gwamnati ta soke yarjejeniyar a 2017. Yau wurin kasuwar kayan mota ce da kayan shafe-shafe, cinikin duniya ake yi a ciki, amma baje kolin Legas ɗin kansa a dandalin Tafawa Balewa ake yin sa. Wato suna ya rage, aikin da aka gina wurin dominsa ya yi hijira. Masu cewa a ba da haya maimakon sayarwa, ku san ita ma hayar in ba a ɗaure ta da kyau ba, sayarwa ce da wani suna.

Dan_Lugbe:
Gaisuwa daga Abuja. Mu nan ba gwamna, minista ne mai ƙasa, amma mun ga irin wannan. Lokacin El-Rufai yana minista, tsakanin 2003 da 2007, aka sayar da gidajen gwamnati. Kawuna ya samu nasa a Garki, har gobe yana yi wa tsarin addu'a, kuma gaskiya gidajen sun fi samun kulawa a hannun masu su. Amma ma'aikacin da aka ɗauka bayan nan fa? Yana Mararaba ko Suleja, asuba yake fitowa. Waɗanda ke wurin ranar rabo sun ci, na bayansu sun tarar da tukunya a wanke. Shi kuwa filin baje kolin Abuja da ke kan hanyar filin jirgi, ƙungiyar 'yan kasuwa ce ke tafiyar da shi, ba ma'aikata ba. Kaduna ma ƙungiyar 'yan kasuwa ta KADCCIMA ce ke shirya nasu a hanyar Zariya. Ina ganin a nan maganin yake: ƙasa ta zauna a hannun jama'a, gudanarwa ta koma hannun waɗanda abin ya dama.

Mai_Dankali_Bokkos:
Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne wa ya ce dole sai sati biyu a shekara? Mu a Bokkos da Mangu lokacin haƙar dankalin damina buhu yana ruɓewa a hannunmu, dillalai su zo su taya yadda suka ga dama don sun san ba mu da wurin ajiya. Ga kabeji, ga karas, ga tumatir, ga sitiroberi na wajen Vom da ake ɗauka zuwa Abuja da Legas. A ba mu irin wannan filin duk Asabar, manomi ya kawo kayansa kai tsaye, a gina ɗakin sanyi a gefe guda. Sauran ranaku a ba masu biki, masu wa'azi, masu taron bishara, 'yan makaranta masu wasanni, kowa ya biya. Fili bai kwanta don kansa ba, waɗanda aka ba riƙonsa ne suka kwanta.

Yar_Unguwar_Rogo:
Mai dankali, tunda ka fito, nawa buhu yanzu a wajenku? A Farin Gada sun hana mu sakat.

Mai_Dankali_Bokkos:
Ki yi mini magana ta akwati 'yar'uwa, kada Shugaba ya goge mu. Amma ki sani tsakanin gonata da Farin Gada hannu uku yake bi, kowa da nasa kason. Kashin dankali na gaske mu ake yi wa.

Malam_Na_Sabon_Layi:
Bismillah. Magabata sun san wannan matsalar, shi ya sa aka yi waƙafi. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya samu gona a Khaibara, tsayar da asalinta ya yi: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfanin da ta fitar ne ake rabawa mabuƙata. Shugaba wakili ne a kan dukiyar jama'a, kuma wakili ba ya taɓa abin da aka ba shi sai da maslahar mai abin. Ban ce haramun ne gwamnati ta sayar da kadara ba, malamai sun yi bayanin inda ake musanya ko da waƙafi ne in amfaninsa ya tsaya cak. Amma sharaɗin shi ne a maye gurbinsa da irinsa ko wanda ya fi shi, ba a narkar da kuɗin a sayen motocin manya ba.

Ladi_Kabong:
Malam, mu ma muna da labarin Nabot da ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar inabinsa, ya ce gādon kakanninsa ne. Ashe a nan ba mu da saɓani.

Akanta_Bukuru:
To Malam ya buɗe mini ƙofa. Musanya. A sayar da na tsakiyar gari mai tsada, a sayi ninkinsa uku a Mararrabar Jama'a ko hanyar Zariya, a gina rumfuna na zamani da wurin ajiye motoci, canjin a yi asibiti. Wa ya yi asara?

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni na yi asara, ɗana. Wa zai biya kuɗin mota biyu ya je Mararrabar Jama'a don ya sayi turmi ɗaya? Bayan gobara an gina kasuwanni a gefen gari, har da ta hanyar Rukuba, aka ce mu koma. Me ya sa mutane suka ci gaba da cika titin Terminus? Kasuwa ba gini ba ce, ƙafa ce. Inda ƙafa ke bi nan ciniki yake.

Injiniya_Laranto:
Kuma a jera abin daidai. In musanyar ce, a fara gina sabon, a buɗe, a yi baje koli biyu a ciki mu gani, sannan a zo maganar tsohon. Abin da aka saba shi ne a sayar da na hannu, sabon ya tsaya a allon sanarwa da hoton gwamna.

Dalibar_Unijos:
Tambaya ga Barista. Gwamna shi kaɗai zai iya yanke wannan hukuncin? Majalisar dokoki fa, ba mambobi 24 muke da su ba? Kuma mu talakawa muna da hanyar ganin takardun kafin a gama?

Barista_Rikkos:
Ƙanwata, dokar 1978 ta ba gwamna hannu mai faɗi a kan ƙasar birni, akwai kwamitin da ke ba shi shawara kan rabon filaye amma shi yake naɗa su. Shi ya sa kariyar da ta fi ƙarfi ita ce majalisar jiha ta yi doka ta musamman, ta jera filayen jama'a da sunansu da iyakarsu, ta ce ba a canza amfaninsu sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a kuma majalisa ta amince. Ga kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kina iya rubutawa ki nemi takarda. Amma fara da abu mai sauƙi: ku matsa a wallafa jerin kadarorin jiha. Abin da ba a san da shi ba, ba a sanin ranar da ya ɓata.

Dillalin_Filaye:
Ranar da aka wallafa wannan jerin wasu za su kwana a asibiti 😄

Tsohon_Maaikaci:
Na ji bayananku. Har yanzu dai ba wanda ya faɗa mini ranar da za a biya ni.

Dan_Gangare:
Baba, Allah Ya kawo ranar da gaggawa. Na gode jama'a, na tura wa abokin nawa duk abin da aka rubuta. Ya sauko daga "a sayar" ya koma "a ba da haya shekara 25". Na nuna masa maganar Mai Kayan Mota ta Legas, ya ce ai wannan rashin iya rubuta yarjejeniya ne. Yau ma muna komawa wajen mai shayin.

Baba_Tela_Dilimi:
Ka tambaye shi shekararsa nawa yanzu, ya ɗora 25 a kai. Sannan ka tambaye shi wa zai tuna inda aka ajiye takardar.

Akanta_Bukuru:
Baba, AGIS da PLAGIS, hukumomin adana bayanan filaye na Abuja da Filato, ai don haka aka kafa su, komai yana cikin kwamfuta yanzu. Ni dai har yanzu ban ga wanda ya amsa mini maganar sati 50 ba, ban da Mai Dankali. Shi ma ɗin, wa zai ba da kuɗin ɗakin sanyin, kuma da wace wuta zai yi aiki?

Mai_Dankali_Bokkos:
Sola mana. Ka zo Bokkos ranar kasuwa in nuna maka buhunan da muke zubarwa, kai da kanka za ka yi lissafin.